Dutsen da ake sayar da fitowar rana a kansa

A wannan sati zan ɗauke ku daga hayaniyar kasuwa da ƙurar bariki, in kai ku can tsakiyar tekun Pasifik, wani tsibiri da ake kira Mawi, ɗaya daga cikin tsibiran Hawai na ƙasar Amurka. Tsakaninmu da su awa 11 ne: sa'ad da rana take hudowa a wurinsu da ƙarfe shida na safe, a Maradi ƙarfe biyar na marece ta buga, ƴan kasuwa sun fara tunanin tattara kaya. Abin da ya kai ni can shi ne wata sana'a wadda duk ɗan kasuwar da ya ji labarinta sai ya riƙe baki. Mutanen wurin sun mai da fitowar rana haja, sun yanka mata farashi, sun haɗa ta da gangaren dutse a kan keke, kuma masu saye suna zuwa daga kowace kusurwa ta duniya, har sai da hukuma ta shiga tsakani tana rage su.

Sunan dutsen Haleyakala, wato “gidan rana” a harshen ƴan asalin Hawai. Dutse ne mai aman wuta wanda ya yi barci, tsawonsa mita 3,055 daga bakin teku, kuma shi kaɗai ya cinye kashi uku cikin huɗu na ƙasar tsibirin. Masana sun daɗe suna cewa amansa na ƙarshe ya auku ne wajen 1790, amma da aka sake auna tsohon narkakken dutsen da ya daskare a gefensa, sai aka mai da lokacin tsakanin 1480 da 1600. Ba su ce ya mutu ba, sun ce dai yana barci. A samansa akwai wani ƙaton kwari mai tsawon kilomita 11, faɗin kilomita 3, zurfinsa kuma ya kusa mita 800, cike da tuddan toka ja da baƙi, babu inuwa babu tsiro sai ɗai-ɗai. Baƙi suna kiransa bakin wutar dutsen, alhali ruwa da iska ne suka rarake shi cikin dubban shekaru, daga baya wuta ta sake fitowa ta yi tuddan da ke ciki. A 1935 aka gama shimfiɗa hanyar mota har ƙoli. Daga garin Kahului da ke bakin teku zuwa can sama kilomita 60 ne kacal, kuma da wuya a sami wata hanya a duniya da take hawa irin wannan tsawo cikin tafiya gajeriya haka.

Sunan yana da tushe a tatsuniyar mutanen wurin. Sun ce a zamanin da, rana gudu take yi a sararin sama, kafin a ankara ta faɗi. Wata mata mai suna Hina tana buga ɓawon itace tana yin tufa da shi, amma kullum dare yake riskar ta shanyarta ba ta bushe ba. Sai ɗanta Mawi, wanda tsibirin ke ɗauke da sunansa, ya hau wannan dutse cikin dare da igiya, ya laɓe. Da rana ta miƙo ƙafafunta sai ya zarge su ɗaya bayan ɗaya, ya ƙi sakin ta sai da ta yi alkawarin tafiya a hankali. Duk marinin da ya taɓa shanya turkuɗi hadari ya taso masa ya san abin da ya dami Hina. Ni abin da ya ba ni dariya shi ne, tun a tatsuniya ciniki aka yi da rana a kan wannan dutse, kuma yau ma cinikin ake yi, sai dai an sake masu igiya.

Ga yadda abin yake gudana. Baƙo yana kwance a otel ɗinsa a bakin teku, inda ko da dare riga ɗaya ta ishe shi. Wajen ƙarfe biyu na dare motar kamfani ta zo ta ɗauke shi. A kai shi rumfar kamfanin, a ba shi gahawa, a auna masa hular kwano da rigar iska da safar hannu, a miƙa masa takarda ya sa hannu cewa ya san akwai haɗari kuma da yardarsa ya shiga. Ku riƙe wannan takarda a zuci, za mu komo kanta. Daga nan a kama hawa cikin duhu, kwana bayan kwana, ja-gora yana ba da labarin dutsen, rabin fasinjoji suna gyangyaɗi. Kowace mita dubu da aka hau, zafi yana raguwa da wajen digiri shida, saboda haka wanda ya baro ɗumin bakin teku yakan iske sanyin da ya kusa daskarar da ruwa, ga iska mai yankan kunne, wadda hunturunmu na watan Janairu ba ya ko kama ƙafarta. Wasu shekaru har ƙanƙara takan zuba a can. Numfashi ma yana yin nauyi, domin iskar da mutum yake shaƙa ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Sai a tsaya a bakin kwarin, a bayan dogarin ƙarfe, ɗaruruwan mutane a ƙudundune cikin barguna, waɗansu ma na otel ne suka naɗo. Gizagizai suna ƙasa da ƙafafunsu, shimfiɗe kamar audugar da aka baza a fili bayan gurza. Taurari su fara dushewa, gabas ta yi ja, ta yi ruwan ɗorawa, sannan gefen rana ya ɓullo ta cikin gizagizan, tuddan kwarin su fito ɗaya-ɗaya daga duhu. Wani lokaci ma'aikacin gandun, in ɗan asalin wurin ne, yakan rera waƙar tarbar rana da harshen kakanninsa. Marubucin nan na Amurka Mark Twain ya hau dutsen a 1866, tun ba hanyar mota, ya kuma ba da labarin wannan asuba a littafinsa, kuma tun daga lokacin sunan wurin yake yawo. Abin da aka tashi tsakar dare dominsa bai wuce ƴan mintoci ba.

Kashi na biyu shi ne keke. A mai da mutane cikin mota a gangaro da su har su fita daga iyakar gandun gwamnati, a wani wuri mai tsawon wajen mita 1,980, wato kusan daidai da ƙololuwar Bagzan a Ayar, wadda ita ce mafi tsawo a ƙasarmu. A nan ake sauke kekuna daga tirela. Ja-gora a gaba, baƙi a jere a bayansa, mota a ƙarshe tana tsare musu baya. Ba a taka feda sai nadiran. Aikin mahayi ɗaya ne, ya riƙe birki, ya bi kwanoni fiye da 20 masu lanƙwasa kamar tafiyar maciji, ta cikin makiyayar shanu da dogayen itatuwan turare, tsibirin duka da teku ta gefe biyu suna shimfiɗe a gabansa. Akwai kuma kamfanonin da suke kai mutum su ba shi keke da taswira, su ce ya sauko da kansa.

To, Alhaji, ɗauko alƙalami mu yi lissafi. Rana ba a saye ta ba. Dutsen ba a gina shi ba. Kwaltar gwamnati ce ta shimfiɗa. Mai tura keken kuwa gangare ne, ba ya shan mai, ba ya neman albashi, ba ya yajin aiki. Jarin mai sana'a bai wuce motoci da kekuna da inshora da ladan ja-gora da patanti ba. An fara wannan sana'a a farkon shekarun 1980, kuma kafin 2007 mutum wajen 90,000 ne suke gangarowa kowace shekara, kowanne yana biyan dala 100 zuwa 150. Dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba. Yau kuwa tafiyar asuba haɗe da keke ta haura dala 200, abin da ya fi jika ɗari na kuɗin sefa, ya kuma ninka mafi ƙarancin albashin ma'aikacinmu fiye da sau biyu, duk a safiya ɗaya. Ko makaho ya ga riba a nan.

Sai dai akwai abin da takardar talla ba ta faɗa da babbar murya. A wancan zamani daga can ƙoli ake hawa keken, a gangaro kilomita 60 har garin Paiya a bakin teku. Ku dubi wanda aka ɗora a kai: mutum ne da bai yi barci ba, sanyi ya sandarar masa da yatsu, iskar sama ta juya masa kai, wataƙila rabonsa da keke tun yana yaro, ga shi a kan hanya mai layi biyu marar kafaɗa, motoci suna hawowa ta ɗaya hannun. Gangare ba ya gajiya, hannun mutum kuwa yana gajiya. In ya matse birki da yawa ya kife, in ya sassauta keken ya ƙwace masa, in kuma ido ya tafi kallon teku kwana ta riske shi. Motar ɗaukar majiyyata ta saba da hanyar. Cikin shekara ɗaya, zuwa watan Satumba na 2007, mutum uku suka rasu a cikin waɗannan tafiye-tafiye, ta ƙarshensu wata dattijuwa mai shekara 65 wadda keke ya ƙwace mata ta tsallaka layi ta yi karo da mota. A watan Oktoba hukumar gandun ta dakatar da duk gangaren keke na kasuwanci a cikin iyakarta. An ce na kwana 60 ne, don a yi nazari. Har yau ba a mai da shi ba.

Kamfanonin sun yi kuka, sun ce za a kashe musu sana'a, ma'aikata za su rasa abinci, sun kuma nuna cewa in aka gwada yawan masu gangarowa da yawan masu faɗuwa, haɗarin bai taka kara ya karya ba. Maganarsu ba ƙarya ba ce ɗungum. Amma ita takardar da baƙo ya sa wa hannu da ƙarfe uku na dare, ido rabi a rufe, kamfani take karewa daga shari'a. Ba ta ƙara wa kowa ƙarfin hannu, ba ta faɗaɗa hanya, ba ta kuma ce komai game da direban da yake hawowa ba da laifinsa ba ya wayi gari da gawa a gaban motarsa. A ganina hukumar ta yi daidai, sai dai ta yi shi bayan an binne mutum uku, kuma rahotannin raunuka sun daɗe suna taruwa a ofishinta kafin nan.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi dacewa ma'aikatanmu na bariki su saurara. Ikon hukumar gandu, wadda take ta gwamnatin tarayya ce, yana ƙarewa ne a bakin ƙofarta. Sai kamfanoni suka sauko da wurin tashi ƴan taku kaɗan a bayan ƙofar, suka ci gaba da harkarsu. Gandu ya wanke hannunsa, lissafinsa na haɗari ya yi kyau a takarda, kaya kuwa ya faɗa kan mazauna gindin dutsen, mutanen Kula da Makawawo da Paiya, manoman albasa da kabeji da furanni da makiyayan shanu. Su ne kowace safiya suke bin bayan jerin kekuna a kan ƴar siririyar hanya, mai zuwa aiki ya makara, mai kai ƴan lakwal ya makara, mai kai kayan lambu kasuwa ya yi ta cizon yatsa, in ya gaji ya yi ƙoƙarin wucewa a kan kwana ya jawo wani haɗarin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Shekara 15 suka yi suna kai ƙara a tarurruka kafin majalisar gundumar Mawi ta zartar da doka a 2022, wadda ta fara aiki a watan Fabrairu na 2023. Dokar ta taƙaita gangaren kasuwanci a kan hanyar dutsen zuwa wani yanki na wajen kilomita 10, ta kuma hana a ɗora wanda bai kai shekara 15 ba. In an gama wannan yanki sai a koma cikin mota a ratsa unguwannin Kula. Tafiyar da aka fara da kilomita 60 ga inda ta tsaya, farashi kuwa bai sauko tare da ita ba.

Ita ma fitowar ranar sai da aka sa mata awo. Da wayar hannu mai ɗaukar hoto ta yaɗu, kowa yana son ya nuna wa duniya cewa ya je, sai motoci suka riƙa ninka wuraren ajiye su. Filin da aka tanada na mota wajen 150 ne, amma akan sami fiye da 300 da asuba, an toshe hanya, an hau kan tsirrai, mutane suna tsallake shinge cikin duhu suna neman wurin tsayawa. Daga 1 ga Fabrairu 2017 aka ce duk mai son shiga tsakanin ƙarfe uku da ƙarfe bakwai na safe sai ya kama gurbi tun da wuri ta intanet, har kwana 60 kafin ranar. Kuɗin gurbin bai kai dala biyu ba, ban da kuɗin shiga gandu, wanda aka kai dala 30 kowace mota a 2020. Ba don kuɗi aka yi ba, don ƙidaya aka yi. Gurabun sukan ƙare cikin ɗan lokaci, wanda ya rasa kuma ba shi da hanya sai ta kamfani, kuma tun 2018 kamfanoni huɗu kacal aka bai wa izinin shiga da baƙi a mota. Kun ga ke nan dokar da aka kafa don rage cunkoso ta ƙara wa masu izini daraja. Wanda ya taɓa ganin yadda takardar izinin shigo da kaya take zama dukiya a hannun mutum ƙalilan ba ya bukatar in yi masa bayani.

Me ake karewa a can sama, inda ba komai sai toka? Akwai wani tsiro da ƴan wurin suke kira ahinahina, mai ganye kamar takubban azurfa a dunƙule, wanda irinsa na wannan dutse ba ya fitowa ko'ina a duniya sai nan. Yakan yi shekaru gommai yana girma, ya fitar da fure sau ɗaya tak, dogo ya fi mutum, sannan ya mutu. A shekarun 1920 saura ƙiris ya ƙare, awaki da shanu suna ci, baƙi kuma suna tumɓuke shi su tafi da shi shaidar sun hau, wasu ma su mirgina shi cikin kwari don wasa. Saiwarsa a sama-sama take, taku ɗaya kusa da shi yana iya kashe shi. Akwai kuma dinyar Hawai da ake kira nene, wadda a farkon shekarun 1950 ba ta wuce guda 30 ba a duk tsibiran. An kiwata ta a tsare, har a Ingila, sannan a 1962 yara ƴan sikawut suka goya ta cikin akwatuna suka sauka da ita cikin kwarin da ƙafa. Yau babban abokin gabarta a kan hanyar shi ne direba mai sauri don kada rana ta riga shi.

Sannan ga masu dutsen na asali. A 1893 wasu attajiran rake, akasarinsu ƴan asalin Amurka, suka hamɓarar da sarauniya Liliyuwokalani tare da goyon bayan sojan ruwan Amurka. A 1898 aka haɗe tsibiran, a 1959 suka zama jiha, a 1993 kuma majalisar Amurka ta nemi gafara a rubuce, ba tare da ta mayar da ko taki ɗaya na ƙasa ba. A wurin ƴan asalin Hawai ƙololuwar Haleyakala wuri ne mai tsarki, wanda a da ba kowa yake taka shi ba. Yau a gefensa akwai gine-ginen duban taurari da na sojan sararin samaniya. Da aka tashi gina babbar na'urar duban rana mai ɗauke da sunan Sanata Daniel Inouye, wadda madubinta ya kai mita 4, mutane sun kwanta a kan hanya a 2015 da 2017 don su tare manyan motocin kaya, aka kama da dama daga cikinsu, aka kuma gama ginin. A 2020 ta fitar da hotunan fuskar rana waɗanda ba a taɓa ganin irinsu ba. A watan Janairu na 2023 kuma man gas fiye da lita 2,500 ya malale daga tankin sojoji a kan ƙolin. Baƙon da ya zo da bargon otel ba lalle ya san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, sai in ja-goransa mai gaskiya ne.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa mutanen Mawi suna iya korar baƙi su huta. Masana'antar sukari ta ƙarshe a tsibirin ta rufe a ƙarshen 2016, kuma abin da ya rage mai ɗaukar mutane aiki da yawa shi ne yawon buɗe ido. Gundumar tana da mazauna wajen 165,000, amma a 2019 ta karɓi baƙi wajen miliyan uku. A ranar 8 ga Agusta 2023 gobarar daji ta cinye tsohon garin Lahaina a yammacin tsibirin, ta kashe mutum fiye da 100, a wannan rana kuma wata wutar ta ƙone gidaje a Kula, a gefen hanyar kekunan. Da farko aka roƙi baƙi su dakata. Ba a yi wata guda ba otel-otel suka fara sallamar ma'aikata, sai aka koma roƙon baƙin su dawo, yayin da waɗanda suka rasa gidaje suke zaune a ɗakunan otel ɗin da ake son a mayar wa baƙi. Ja-goran da yake tashi ƙarfe ɗaya na dare ya ɗaura kekuna a tirela, da manomin da yake zagin jerin kekunan da ƙarfe takwas, sau da yawa ƴan unguwa ɗaya ne, wani lokaci ma ƴan gida ɗaya.

Wani abu na ƙarshe da ya kamata mai niyyar zuwa ya sani. Dutsen yana da nasa hali. Akwai safiyar da gizagizai ba sa tsayawa a ƙasa, sai su hau su rufe ƙolin ruf, da yayyafi da iska, mutum ba ya ganin ko tafin hannunsa. A tsaya ana rawar ɗari har duhu ya koma toka-toka, ja-gora ya dubi agogo ya ce rana ta fito, a koma mota. Kamfanoni sun rubuta a sharuɗɗansu cewa ba su da iko da yanayin sama, kuma galibi ba a mayar da kuɗi saboda hazo. Keken dai yana nan yana jira a bayan ƙofar gandu, kwaltar kuma a jiƙe.

Sai sati mai zuwa.